Tsayuwar Guduma

Litinin, da hantsi

An sa hannu. Tsinke zai kara da Bulo ƙarshen watan gobe, a kan kambun da na riƙe shekaru har na gaji na ajiye shi da kaina. Da kaina na ce. Ba wanda ya ƙwace shi a hannuna, wanda kuma ya ce an ƙwace ya hawo benen nan ya faɗa a gabana.

Da labarin ya iso kulob, mutanena suka yi ta dukan buhunan naushi suna tsalle, har telan da ke ƙasanmu ya hawo da tef a wuya yana cewa siminti na zubo masa a kan yadin mutane. Na ba shi haƙuri, na ce ya daure, zakara na biyu za a fitar daga saman kansa.

Tsinke ɗan Yayata ne. Ni na sa masa sunan ranar da ta jawo shi ta kawo mini, dogo siriri, leɓe a fashe, ta ce tunda faɗa yake so gara ya yi shi inda akwai alƙali. Yau ga shi da gemu da mata, kuma tun da ya fara shiga keji, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa ya tashi da nasara.

Na kira Yaya in yi mata albishir. Ko barka ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Auta, yadda na ba ka shi haka za ka dawo mini da shi, da haƙoransa da hankalinsa." Duk duniya Guduma take kirana, ita har yau Auta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, hannuna ne ya gina yaron.

Laraba, bayan azahar

Mai hoto ya zo ɗaukar hoton fosta. Ya ce kowa ya sa safar hannu ya gyara tsayuwa kamar za a fara. Mutanena suka jeru, Tsinke a tsakiya, ni a gefe ina ji da kaina. Mutumin ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Sai ya tambaye ni wai ko duk wuyansu ke ciwo ne, don ba wanda ke kallonsa sosai, kowa ya karkata haɓa wajen kafaɗar hagu, ya manna hannun hagu a kunne kamar mai amsa waya.

Aka kwashe da dariya. Makaniki, wanda ya fi kowa daɗewa a kulob bayan Tsinke, ya ce masa ai wannan ita ce tsayuwar Guduma, 'yan jarida ma sun yi rubutu a kanta, har a wasu garuruwan kwaikwayonta ake yi. Gaskiya ya faɗa. Ni da kaina na sa aka zana ta a bangon bene.

Sai mai hoton ya juyo mini da bayan kyamarar in gani. Ban taɓa ganinsu a jere haka daga waje ba. Manya da ƙanana, dogaye da gajeru, duk sun karkace gefe guda, kamar ni.

Ni ina da dalilin da ya sa nake tsayawa haka. Su mene ne dalilinsu?

Laraba, da yamma

Ba komai. Salo ne. Lafiyata ƙalau.

Asabar, da rana

Taron 'yan jarida a wani otal. Sanyin na'ura, ruwan roba, tambayoyin banza. Bulo ya zo, gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya magana, bahago ne kuma, ƙwaurinsa na hagu ya kwantar da mutane da yawa. Bai dame ni ba. Kocinsa ne ya ɓata mini rana.

Mai Sanƙo. Da shi na yi wasana na ƙarshe, ni na ci shi, kowa ya sani. A turmi na uku gwiwar hannunsa ta same ni a nan gefen girar hagu, amma haka na gama da shi, na ɗaga kambu. Bayan wata guda na kira 'yan jarida na ce na ƙoshi, zan koma koyarwa. Abin da na faɗa ke nan, kuma ban yi ƙarya ba.

Yau ina tsaye ina amsa wa wata 'yar jarida, sai na ga fuskarta ta canza, tana kallon wani abu a gefena. Tsinke ya zungure ni. Na juya gaba ɗaya, ashe Mai Sanƙo ne tsaye a haguna, hannu a miƙe. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake nan. Da gangan ya zagayo ta nan, shegen, ga fili fetal ta dama.

Na kama hannun na matse yadda zai ji a jikinsa. Ya matso kusa da kunnena yana murmushi don masu hoto, ya ce, "Har yanzu dai, Guduma?" Na saki hannunsa. Ya ƙara da cewa, "Na ga ɗan naka ma haka yake tsayawa."

A mota Tsinke ya tambaye ni me ya sa na bar mutum da hannu a miƙe. Na ce raini ne, da gangan na yi. Ya yi dariya ya ce shi ya sa yake sona.

Lahadi, da safe

Na zauna na kalli wasannin Tsinke a waya ɗaya bayan ɗaya, yadda Mai Sanƙo zai kalle su.

Abin a fili yake, har na ji kunya. Hannun hagu yana manne da kunne, barci yake, ba ya fita sai dai ya taɓa ya koma. Dama ce ke duk aikin. Duk lokacin da damar ta fita kuwa, muƙamuƙin dama na nan a buɗe, an ma juyo da shi gaba kamar ana miƙa wa mutum. Waɗanda ya ci a baya ba su da ƙafar da za ta kai can. Bulo yana da ita, kuma ta hagu ce, daidai wurin.

Ni ban taɓa cewa kowa ya karkata kai ba, wallahi. Abin da nake cewa shi ne, kalle ni, yi yadda na yi. Suka kalla, suka yi. Yara ne masu biyayya, har abin da ban ce su ɗauka ba sun ɗauka.

Matata, uwar 'yan biyu, ta kawo shayi ta ajiye a damana, inda take ajiyewa kullum. Haka in muna tafiya a titi, ita ce a haguna, tana ɗan taɓa gwiwar hannuna in babur na zuwa. Shekara da shekaru ba mu taɓa zancen ba. Yau ta tsaya a bayana ta kalli wayar, sannan ta ce in gaya wa Tsinke. Na ce me zan gaya masa? Ta ce shayina zai huce, ta fita.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Talata, bayan la'asar

Na yi wa kowa masifa yau. Na ce wa Tsinke ya miƙe kai ya saki hagu. Ya ce in nuna masa. Na tashi na nuna, ina ji a raina kaina a miƙe yake sak, sai na hango kaina a madubin bango a karkace. Na sake, haka. Jikin nan ya daina jin maganata. Na kori kowa kafin lokaci, na ce wuta za a gyara.

Alhamis, da sassafe

Na ce Tsinke ya zo kafin kowa. Ya zo yana hamma, muka share katifun roba tare kamar da.

Na ɗauko bandejin naɗe hannu na ce ya sunkuyo, na ɗaure masa idon hagu. Ya ɗauka sabuwar dabara ce, har yana zolayata wai Koci ya fara kallon finafinai. Na sa matasan naushi a hannu na ce bisimilla. Ya shigo, dama, dama, gwiwa, ya kauce, ya dawo, komai tsaf, ko kuskure ɗaya babu. Na tambaye shi me ya canza. Ya ce ba abin da ya canza, kamar ma ya fi jin daɗin tsayuwar a haka.

Na kwance, na mayar da ɗaurin kan idon dama. Taku uku bai yi ba ya kai naushi iska, ya tafi taga-taga ya bugi ginshiƙi da kafaɗa.

Ya cire bandejin da kansa. Ya tsaya yana kallona, ina kallon ƙasa. Yaron ba wawa ba ne. Na ga kafaɗarsa ta dama ta motsa, hannun ya miƙe ya tafi wajen haguna, daga nan ban san abin da yake yi ba.

"Yatsu nawa, Kawu?"

A kulob bai taɓa ce mini Kawu ba, Koci yake cewa. Na ce ya je ya sha ruwa.

"Yatsu nawa?"

Ana jin keken tela ya fara aiki a ƙasa.

Ya ce, "Tun ina ɗan sha bakwai kake sa ni ina kare abin da ban rasa ba." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya naɗe bandejin da kyau ya ajiye a mazauninsa, ya ɗauki jakarsa ya sauka.

Juma'a, da yamma

Bai zo ba.

Asabar, da yamma

Bai zo ba. Wayarsa na shiga, ba ya ɗauka. Na gaya wa mutanena mura yake yi. Lafiyata ƙalau.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ta zo gida ba sanarwa. Da na ji muryarta a tsakar gida sai da na duba taga, ni da na tsaya gaban ƙarti a keji. 'Yan biyu suka gaishe ta suka sulale, sun san yanayin fuskar gwaggonsu.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna a damana. Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu ta ce in rufe mata baki, ita ta goye ni, kuma tun ranar da na je gidanta na tsiyaya ruwa a gefen kofi ina ta zuba ina surutu ta sani. Ta ce ta yi shiru ne don ta ga ina so a yi shiru. Abin da ba ta sani ba shi ne abin ya shafi ɗanta.

Ta tambaye ni abu ɗaya, ko zai gyaru kafin ranar. Na ce ban sani ba. Ta ce, "In ba zai gyaru ba ka janye shi, ko da duniya za ta yi maka dariya. Dariya ba ta karya muƙamuƙi."

Na yi mata alkawari. In hannun hagun bai farka ba kafin mako na ƙarshe, ni da bakina zan kira masu shirya wasan. Na san abin da hakan ke nufi, ba za su sake ba shi wannan damar ba, kuma Tsinke ba zai yafe mini ba. Na ce mata matsalar ita ce ban da yadda zan nuna masa, da na tashi sai jikina ya koya masa karkacewa.

Uwar 'yan biyu tana bakin ƙofa tana ji. Ta shiga ɗaki, muka ji ana jan kujera, sai ga ta da wani kwali da ta sauko da shi daga saman wadirof, duk yanar gizo. Kasakasan bidiyo ne na wasannina na farko, tun kafin Mai Sanƙo. Ni na ce ta zubar da su tuntuni. Ashe matar nan ba ta jin magana, Allah ya yi mata albarka.

Talata, da hantsi

Samun injin da zai kunna kaset a wannan zamanin aiki ne. Mai gyaran rediyo na bakin mahaɗa ya tono ɗaya a ƙarƙashin tarkacensa, ya hure, ya goge cikinsa da auduga, ya ce shi ba ya son komai sai a bar shi ya kalla. Muka ɗauko shi da injinsa muka hau bene, aka jona da talabijin.

Hoton ya yi rawa, ya yi layi-layi, sai ga wani yaro ya fito. Gashi cike da kai, ciki a shafe, kai a miƙe sak. Hannunsa na hagu na fita yana komawa kamar allurar keken telan ƙasa. Kai! Na manta haka nake. Wallahi na manta. Makaniki ya saki baki, mai gyaran rediyo yana ta kai wa iska naushi a kan bencinsa.

Ban san lokacin da Tsinke ya shigo ba, ƙofar tana haguna. Muryarsa na ji. Ya ce, "Wannan kuma waye?"

Na ce, "Sabon kocinka."

Ya daɗe yana kallo, har yaron kaset ɗin ya kwantar da wani ƙato da hagu guda. Sannan na ji jaka ta faɗi ƙasa. Ya ce to wannan kocin ya fi na da kyau. Aka yi dariya, ni ma na yi, har da ƙari, don kada a ga fuskata.

Alhamis, da rana

Sabon tsari. Ni ina kan kujerar roba, na zauna a kan tafukan hannuna don kada su tashi su nuna wani abu. Baki kawai nake sawa. Talabijin ke nunawa, a tsayar, a mayar baya, a sake. Mun ɗaure hannun Tsinke na dama a ƙugu da bandeji, hagu kaɗai ke aiki. Makaniki bahago ne, shi ya zama Bulonmu, yana ta jefa masa ƙafa a hankali.

Na sa tela ya haɗa mana labule da ragowar yadi, muka rufe tagogi, kala-kala kamar ɗakin yara. Waya kuwa kowa ya bar ta a kwando a bakin ƙofa. Mai Sanƙo na da 'yan leƙen asiri, na san halinsa.

Asabar, da safe

Matar Tsinke ta kira uwar 'yan biyu tana ƙorafi, wai da hagu yake goge haƙora, da hagu yake buɗe ƙofa, ya fasa mata kofuna biyu. Na ce a gaya mata ta ɓoye sauran.

Litinin, bayan la'asar

Yaron kaset ɗin nan ya fara ba ni haushi. Bai san komai ba, bai san abin da ke jiransa ba, sai rawar kai. Kuma kowa shi yake kallo. Yau Tsinke ya yi tambaya, maimakon ya juyo wajena sai ya juya wajen talabijin.

Kishi nake da kaina. A wannan shekarun.

Laraba, da yamma

Mun kwance masa dama, muka ce a yi da gaske. Bai zama na da ba, bai zama na kaset ba, ya tsaya a tsakiya yana tunani. A keji kuwa ba a tunani. Makaniki ya jefa ƙafa da rabin ƙarfi, ta same shi daidai wurin. Ya zauna daɓas, leɓe ya fashe, ido ya yi fari na ɗan lokaci.

Da Bulo ne, da yanzu muna asibiti.

Na fita baranda na nemo lambar masu shirya wasan. Na kalle ta har hasken wayar ya mutu. Ban danna ba. Akwai sauran lokaci kaɗan a alkawarina da Yaya, zan cinye shi duka.

Alhamis, da safe

Ban ci komai ba. Uwar 'yan biyu ta ɗauke kwanon yadda ta kawo shi.

Asabar, da hantsi

Ya farka! Hannun ya farka!

Makaniki ya ɗaga ƙafa kamar kullum, kafin ta bar ƙasa sosai sai ji muka yi tas, ga Makaniki zaune a katifa yana laluben robar haƙorinsa, yana tambaya daga ina wannan ya fito. Na ce a sake. Aka sake, tas. Aka sake. Sau na huɗu Makaniki ya cire safar hannu ya ce shi yana da iyali, gobe kuma akwai motocin mutane a gareji.

Na manta da dokar kujera, na tashi na rungumi yaron na ɗaga shi sama, bayana ya ce ƙas, ban damu ba. Tela ya hawo zai yi masifa, muka ɗaga shi shi ma. Na kira Yaya na ce ba za a janye ba. Ta ce ta ji, amma alkawarin farko na nan.

Su zo. Mai Sanƙo ya zo da Bulonsa, ya zo da duk gidansu.

Talata, bayan azahar

Mun yi cacar baki da Tsinke. Wai so yake ya shiga da tsohuwar tsayuwar, ya bar Bulo ya ga abin da aka yi masa alkawari, har ya saki jiki ya jefo ƙafar da zuciya ɗaya. Na ce hauka yake, wannan ai miƙa muƙamuƙi ne da gangan. Ya ce ya sha wahala a kan tsayuwar nan shekaru, a bar ta ta yi masa aiki ko sau ɗaya kafin ya jefar da ita.

Na yi ta faɗa, yana ta naɗe bandeji. Taurin kan nan na san inda ya samo shi. A ƙarshe na ce turmi ɗaya kawai, kuma damarsa ba za ta yi nisa da haɓa ba. Ya ce to, Koci.

Yaya ba za ta ji wannan ba.

Juma'a, da rana

Awon nauyi. Duka biyun sun yi daidai. Da aka ce su fuskanci juna don hoto, Tsinke ya karkata haɓa ya manna hagu a kunne, har ya fi ni iyawa. Na saci kallon Mai Sanƙo, bakinsa har kunne kamar wanda ya tsinci waya a titi. Na sunkuyar da kai na yi fuskar mai damuwa. Ban sha wahalar yin ta ba.

Lahadi, da hantsi

Muryata ta dishe, amma sai na rubuta.

Ni da Makaniki ne a kusurwarmu, a wajen ragar keji. Turmi na farko na tsufa. Tsinke ya tsaya a karkace, Bulo ya yi ta sarar masa cinya da ƙafa, ya ɗauke shi ya maka da ƙasa, ya danne shi a jikin raga. Sau biyu ya gwada ƙafar sama, dama ta tare da ƙyar. Ina jin Mai Sanƙo daga can yana ihu, yana nan a buɗe, yana nan a buɗe. Da aka buga ƙararrawa na shiga da ruwa da ƙanƙara, na tanadi maganganu cike da baki, da na ga idon yaron sai duk suka gudu. Na ce, "Yanzu." Ya gyaɗa kai.

Turmi na biyu Bulo ya taso da ƙarfinsa, ya yi ta tura shi baya, suna tafiya, suna tafiya wajen haguna, bayan ginshiƙin keji. Abu na ƙarshe da na gani shi ne ƙugun Bulo ya juya. Na san wannan juyin, ƙafar ce ta taho gaba ɗayanta. Na juya kai in bi su.

Ban kai ba. Ƙara kawai na ji, kamar an saki katako a kan siminti, sai zauren ya tashi gaba ɗaya. Da na gama juyowa, bayan alƙali na gani ya durƙusa yana kaɗa hannu, da tafin ƙafafu biyu a ƙasa suna kallon sama. Tafin ƙafa ba shi da suna. Na damƙi rigar Makaniki ina cewa waye a ƙasa, waye a ƙasa, shi kuwa yana ta tsalle yana ihu, ba ya ma jina. A ɗan wannan tsakanin na ga fuskar Yaya, na ga asibiti, na ga komai.

Sai raga ta girgiza a saman kaina. Na ɗaga kai, ga Tsinke zaune a kan keji, ya ɗaga hannun hagu sama, yana ihu yana cewa Kawu, Kawu.

Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban kyamarori. Su nuna. Bulo ya tashi da ƙafafunsa daga baya, na gode wa Allah da wannan, yaron kirki ne.

A ɗakin sauya kaya Yaya ta ture kowa ta shigo. Ko kallon kambun ba ta yi ba. Ta kama fuskar ɗanta da hannu biyu, ta latsa muƙamuƙin nan da nan, ta ce ya buɗe baki, ta duba, ta tambaye shi sunan matarsa da sunan titinsu. Ya amsa yana dariya. Sannan ta juyo ta ce, "To, Auta." Shi ke nan abin da ta ce, kuma ya ishe ni.

Lahadi, bayan la'asar

Tun safe mutane ke shigowa barka, kowa na tambayata yadda na ji da na ga naushin. Ina ta cewa ai ba a magana. Makaniki ya ce daga gefe ya zo, mai gyaran rediyo ya rantse daga sama ne, tela ya ce shi gwiwa ya gani.

Ɗazu Tsinke ya zo, cinya a kumbure yana ɗingishi, kambun a cikin jakar leda kamar wanda ya dawo daga cefane. Ya ba 'yan biyu su yi wasa da shi, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni ya ciro waya. Bai tambaye ni ko na gani ba. Ya kunna, ya rage gudun hoton, ya riƙe mini.

Ƙafar Bulo ta taso. Na zaci zan ga abin kaset, a tare da dama a mayar da hagu, abin da muka yi ta maimaitawa. Ba haka ya yi ba. Bai tare ba sam. Shiga ya yi ƙarƙashin ƙafar, ya nutse har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ƙwaurin ya shafi gashin kansa ya wuce, sannan hagun ta taso tun daga can ƙasa, da ƙugu da kafaɗa da komai, ta sami haɓa.

Na tambaye shi a wane kaset ya ga wannan. Ya ce ba a kowanne ba, zuwa kawai ta yi.

Na yi wasa da manya, na kwantar da ƙarti, na riƙe kambun nan shekaru. Ban taɓa yin naushi irin wannan ba, ko lokacin da nake da ido biyu.

Na ce ya mayar baya in sake gani.